Ɗan Yekuwa a jami'a: wa zai yi jinyarsa?

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BAC ya fito, akwai gidaje a ƙasar Magarya da Dungas da ake kwana ana guɗa. A Yekuwa, a Sasumburum, a Bande, a Waca ko a Dogo-Dogo, uba yakan fitar da buhun gyaɗa ko na riɗi, wani lokaci har da bijimin da aka shekara ana kiwo, a haɗa wa yaro kuɗin mota da na rajista. Uwa ta daka masa yaji, ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli a bakin zane. A daren tafiya akan zauna a yi lissafi: kuɗin takardu, kuɗin ɗaki, kuɗin abinci, har da na sabulu. Abu guda ne ba ya shiga lissafin, domin ba wanda ke so a ce ya yi wa yaro mugun fata, wato ranar da zai kwanta ciwo.

Ciwo kuwa ba ya sallama kafin ya shigo. In ya shigo, ɗalibin da ya baro ƙauyensu yakan tarar abin da ya fi ƙaranci a wurinsa shi ne mai jinya. Duk wanda ya taɓa kwantar da ɗan'uwansa a asibitin ƙasar nan ya san yadda aikin ya rabu. Likita ya duba, ya rubuta takarda. Malamin asibiti ya yi allura, ya ɗaura ruwa. Sauran duka na dangi ne: su za su ruga farmasi, su za su kawo kunu, su wanke tufafi, su shimfiɗa tabarma a gindin gado, su tashi tsakar dare su kira ma'aikaci in ruwan da aka ɗaura ya ƙare. A Yekuwa wannan aiki ba ya rasa mai yi, ko uwa, ko gwaggo, ko matar wa, ko maƙwabciya. A garin karatu kuwa, yaro yana da lamba a rajista, yana da katin ɗalibi, amma ba shi da wadda za ta dama masa kunu.

Yana da kyau mai karatu ya tuna daga inda waɗannan yara suka fito. Samari da ƴan matan da ke cika azuzuwan jami'a yanzu ƴaƴan shekarun 2005 ne da kewaye. A shekarar 2005, shekarar ƙarancin abinci, ƙungiyar likitoci ta MSF ta kama aiki a Magarya, kuma sashen kula da yara na asibitin gundumar ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma da ƙungiyar ta taɓa riƙewa. A 2006 gwamnati ta sa a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Daga 2013 aka fara bi gida gida lokacin damina ana ba ƙanana maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, Magarya na cikin gundumomin farko. Duk wannan ƙoƙari ya ceci rayuka masu yawa, kuma a kan yaro ƙarami da mace mai ciki aka gina shi, domin su mutuwa ta fi ɗauka. Yaron da ya wuce biyar sai ya koma ƙarƙashin dokar 1995, wadda ta ce maras lafiya ya biya wani kaso na kuɗin jinyarsa. Muddin yana gida, iyaye ke biya. Ranar da ya zama ɗalibin jami'a, ya fita daga hannun iyaye bai kuwa shiga hannun albashi ba. Manomi na da rumbu, ɗan kasuwa na da jari, ma'aikaci na jiran ƙarshen wata, shi ko ɗalibi sai jiran tsammani.

Waɗanda suka yi karatu a shekarun 1980 da 1990, yawancinsu yanzu manyan ma'aikata ne ko ƴan ritaya, sun san wannan hali fiye da kowa. A zamaninsu, ɗan Magarya da ya gama Lise Amadu Kuran Daga a Damagaram, in ba waje aka tura shi ba, sai Yamai, wajen kilomita dubu daga ƙofar gidansu. Jami'ar, wadda aka aza harsashinta a 1971 aka kuma sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, tana ƙetaren kogi, a Harobanda, asibitin Lamorde na kusa da ita. Asibiti na kusa, gida na nesa. In yaro ya kwanta, sai a ba direban mota wasiƙa, ko a kai sanarwa gidan rediyo, kafin labari ya isa ƙauye ya warke ko an yi sutura. Waɗannan ɗalibai ne suka hau gadar Kenedi ranar 9 ga Fabrairu 1990 suna kukan halin karatu da na zama, aka harbe uku daga cikinsu. Su ne kuma suka ga ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake sayowa daga Faransa ya yi tashin gwauron zabi, ga albashi da alawus ana bin gwamnati bashinsu wata da watanni.

Yau tazarar ta ragu. A 2010 aka buɗe jami'o'i a Damagaram, Maraɗi da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ta Damagaram, wadda ke ɗauke da sunan masanin tarihi Andre Salifu, ɗan garin da ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991, tana da sashen koyon aikin likita, ga kuma babban asibitin ƙasa a cikin gari. Hukumar CROU ita aka ɗora wa kula da zaman ɗalibai: wurin kwana, abinci, sufuri, wasanni da lafiya, ɗakin shan magani na ɗalibai a hannunta yake. Hukumar ANAB ke biyan alawus. Ɗan Yekuwa na iya barin gida da hantsi ya yi la'asar a Damagaram, ga waya a aljihun kowa, ga kamfanonin aika kuɗi a kowace kusurwa. Mai karatu zai ce ai magana ta ƙare. Da sauranta, kuma labarin wani yaro zai nuna inda take.

Ɗan wani manomi ne na ƙasar Yekuwa, shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a. Da yake ɗakunan kwanan jami'a ba sa ɗaukar kowa, shi da abokansa huɗu suka kama ɗaki guda a cikin gari, suna karo-karon kuɗin haya da na garwar ruwa. A shekararsa ta biyu, ƙarshen damina, saura mako guda a shiga jarrabawa, zazzaɓi ya kama shi. Ya san hanyar ɗakin shan magani sarai. Sai dai ya yi lissafin safiya guda da zai rasa a layi, da takardar maganin da za a iya rubuta masa alhali alawus bai fito ba, ya tsaya wurin mai tallar magani a bakin titi ya sayi ƙwayoyin dala ashirin. Zazzaɓin ya sauka da rana, ya dawo da dare. Kwana na biyu ubansa ya kira shi, ya ji muryarsa ta sauya.

"Kai, lafiya kake kuwa?"

"Lafiya lau, Baba. Ɗan mura ne."

Ya faɗi haka ne don ya san abin da ya rage a rumbu, ya kuma san an riga an sayar da bijimi saboda shi. Daren kwana na huɗu ya fara sambatu, bai gane abokan ɗakinsa ba. Suka sa shi tsakiya a kan kabu-kabu, ɗaya na riƙe da shi ta baya, suka kai shi asibiti. Ɗigon jini daga yatsa ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, ya kuma yi tsanani. Ma'aikata suka yi abin da ya kamata, aka ba shi gado, aka rubuta takarda. Yaran huɗu suka juye aljihunansu, kuɗin bai kai ba, ɗaya ya jinginar da wayarsa. Da gari ya waye wani daga cikinsu ya tuna maras lafiyan ya taɓa ambaton wani Alhaji, mutumin ƙasarsu, mai rumfa a Kasuwar Dole, wanda ubansa ya ce ya je ya gaishe shi, shi kuwa bai taɓa zuwa ba. Suka yi ta tambaya har suka same shi. Suka durƙusa suka gaishe shi.

"Alhaji, ɗanka ne ba lafiya, yana asibiti."

"Wane ɗan nawa?"

Suka faɗi sunan uban yaron da unguwarsu. Alhaji ya yi salati, ya rufe rumfa.

"Ashe ɗan Malam ne! Ku yara, shekara biyu yana garin nan ban sani ba? Me ya hana ku zo tun ranar farko?"

"Kunya ce, Alhaji."

Kafin azahar an sayi magani, Hajiya ta aiko da kunu da tabarma, da yarinyar da za ta riƙa kai abinci safe da yamma. Uban ya iso kwana biyu bayan haka, da kuɗin awaki biyu ƙulle a lalita. Yaro ya tashi. Jarrabawar dai ta wuce shi, biyu daga cikin abokan ɗakinsa su ma sun rasa takarda guda saboda zaman jinya. Zazzaɓin da ƙwayoyin kwana uku ke kashewa in an tare shi da wuri, shi ya ci zangon karatu guda da awaki biyu, ya kusa cin rai.

A cikin wannan labari ba wanda ya yi mugunta. Likita ya yi aikinsa, abokai sun yi fiye da ƙarfinsu, Alhaji ya yi halin girma. Abin dubawa shi ne, ran yaron ya rataya ne a kan sa'a: da abokin bai tuna sunan Alhaji ba fa? Tun zamanin fatake, Bahaushe ba ya sauka baƙon gari ba mai masauki. Mai masauki ke ba shi ɗaki, ya tsaya masa a ciniki, in ya kwanta ciwo gidansa ke jinya, in ya rasu shi ke aika wa danginsa. Ɗan kasuwar da ke zuwa Kano, Legas ko Kwatano har gobe yana da wanda yake sauka wurinsa. Ɗan boko ne kaɗai ake turawa gari da takarda a hannu, a ce gwamnati ce mai masaukinsa.

Zazzaɓi ma yana ba da kwanaki. Akwai ciwon da ba ya ba da ko kwana biyu, shi ne sanƙarau, kuma ƙasar Damagaram na tsakiyar yankin da yake yawo, daga Senegal har Habasha. Lokacinsa daga hunturu ne zuwa bazara, sa'ad da ƙura ke busar da hanci da maƙogwaro, abincinsa kuwa cunkoso, ɗaki guda mutum biyar ko takwas, tagogi a rufe. Dattawa ba su manta annobar 1995 a Nijar ba, da ta 1996 wadda ta yi ɓarna a Kano, ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka tsakanin 1996 da 1997, ta kashe wajen 25,000. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a 2010 ta karya lagon nau'in A, sai nau'in C ya ɗago kai: a watan Afrilu 2015 sai da aka rufe makarantun Yamai saboda shi. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. A 2024 Najeriya da Nijar suka fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar. Alamomin ciwon sanannu ne: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya sandare. Wanda ya ga haka ga abokin ɗakinsa da ƙarfe biyun dare, ba shi da lokacin jiran safiya. Cikin waɗanda suka tashi ma, kusan ɗaya cikin biyar na fita da tabo, galibi kurumta. Ɗalibin da ya kurumce a shekararsa ta uku, wahalar iyayensa ta shekara goma sha biyar ce ta tsaya cak.

Akwai kuma cututtukan da ba a kai su asibiti da gudu, suna cin mutum a tsaye. Gyambon ciki na wanda ke wuni da shayi da burodi. Taifot da gudawa, a garin da ƙarancin ruwansa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka mai da babban birni Yamai a 1926. Mai sikila, wanda sanyi ko ƙishirwa ke tayar masa da ciwon ƙashi, abokan ɗakinsa ba su ma san yana da ita ba. Ɗaliba kuwa nata ya ninka. Wata da aure take karatu, ga ciki ga jarrabawa, awon ciki na cin safiyar darasi. Wata budurwa ce, tana da damuwar da ba za ta iya faɗa wa namiji ba, balle a ɗakin da ɗan ajinsu ke zaune bayan labule yana jiran layi. Sai ta yi shiru, ko ta nemi shawarar ƙawa.

Na ƙarshe shi ne wanda ba a son ambata. Yaro ya daina barci, ya daina magana, ya daina zuwa aji. Wani ya faɗi jarrabawa sau biyu ya kasa gaya wa gida, ga gari duka na kiransa likita ko alƙali tun bai gama ba. Wani ya fara shan taramol don ya raba dare yana karatu, ƙwaya ta zame masa ubangida. In abin ya fito fili sai a ce karatu ya taɓa shi, ko an yi masa sammu, a sa shi mota a mai da shi ƙauye, shi ke nan an rufe littafinsa. Alhali yawancin irin wannan damuwa tana da magani, in an sami wanda ya san aikin ya saurari yaron tun abin bai yi nisa ba, ya kuma riƙe sirrinsa.

Ragin rabin kuɗin jinya da gwamnati ta yi a asibitocinta daga watan Satumba 2024 ya sauƙaƙa wa kowa, har da ɗalibi. Saura abin da ya shafi jami'a kanta, kuma mafi yawansa tsari yake bukata fiye da kuɗi. Ranar rajista, yadda ake neman takardar haihuwa da ta BAC, haka ya kamata a duba katin rigakafi, wanda bai yi ta sanƙarau ba a yi masa nan take, kafin hunturu. A buɗe wa kowane ɗalibi katin lafiya mai ɗauke da rukunin jininsa, da ko yana da sikila, asma ko farfaɗiya, da sunan mutum guda a cikin gari wanda za a kira in ta ɓaci. Ɗakin shan magani ya zama yana da mai tsaron dare da lambar waya da kowa ya sani, da motar da za ta kai maras lafiya babban asibiti, domin ciwo bai san lokacin tashi daga aiki ba. A sa ma'aikaciya mace, da ɗakin da ake rufe ƙofarsa. Ɗaliban aikin likita da suka yi nisa, a ƙarƙashin malamansu, suna iya zagaya ɗakunan kwana suna koya wa ƴan'uwansu alamomin da ba a jira da su. Ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda tun 1960 take fafutukar alawus da abinci, ita ma ta san cewa shugaban kowane ɗaki da ya iya gane sanƙarau ya fi dogon jawabi amfani.

Sauran aikin na masu karanta wannan shafi ne. Ba garin da ƴan ƙasar Magarya da Dungas ba su da ƙungiyar zumunta, a Damagaram, a Maraɗi, a Yamai. Ana tara kuɗi don biki, don suna, don ta'aziyya, ana hayar mota a kai gawa gida. Abin da ake kashewa wajen kai gawa Yekuwa ya isa ya yi jinyar yara da yawa tun suna da rai. Lissafin ba shi da wuya: mutum 100, ƴan kasuwa da ma'aikata, kowa ya ba da jika guda a wata, an sami sefa 100,000, a shekara 1,200,000. A ajiye kuɗin hannun mutum biyu amintattu, a yi yarjejeniya da farmasi guda, ɗalibi ya kai takardar likita da katinsa a ba shi magani, a biya ƙarshen wata, a karanta lissafi gaban kowa. Wanda ya gama karatu ya kama aiki ya shigo cikin masu zubi. Adashi ne, ba wani baƙon abu ba.

Abin da ya fi kuɗin ma shi ne a raba yaran. Farkon kowace shekarar karatu a sami sunayen sababbin ɗaliban da suka zo daga kowace ƙaramar hukuma, kowane magidanci ya ɗauki biyu ko uku. Ba sai ya ba su ɗaki ba. Ya san fuskarsu, su san ƙofar gidansa, su ci tuwon Juma'a a wurinsa, uwargida ta san sunansu. Yaron da ya saba cin abinci a gida ba zai ji kunyar cewa "Kawu, ba ni jin daɗi" ba, uwargida kuwa tun kafin ya faɗa za ta gani a idonsa. Iyaye su ma da nasu: uban da ya kawo ɗansa gari ya kai shi da ƙafarsa wurin mutumin ƙasarsu, ya damƙa shi hannu da hannu, ya kuma gaya wa yaron a gabansa cewa ɓoye ciwo ba ladabi ba ne.

Ƙasar Magarya na cikin wuraren da suka fi yawan jama'a a Nijar, tana kuma cikin waɗanda suka fi bukatar likita, ungozoma, malamin makaranta da malamin gona. Waɗanda za su cike waɗannan gurabe su ne yaran nan da ke kwana biyar biyar a ɗaki guda. An sha wuya kafin a tsallakar da su shekara biyar na farko, an sha wuya kafin su ci BAC. Ba daidai ba ne a bar zazzaɓin kwana uku ya karɓe su a bakin gaɓa. Kafin motocin ɗalibai su fara tashi daga tashar Magarya a shekarar karatu mai zuwa, akwai lokacin da za a kira taro, a buɗe littafi, a rubuta suna.